Ka Dawo Da Azumi

A Bagudo, a shekarun da Turawa ke naɗe tabarmarsu, in ka tambayi gidan Namadi mai kifi za a nuna maka, amma mai nunin zai ƙara da cewa kada ka sa rai za ka same shi a ciki. Ba-ka-zama ake ce masa, kuma sunan ya kama shi tun yana saurayi. Gajere ne, siririn ƙauri, mai saurin baki da saurin ƙafa. Ko gaisuwa a tafe yake yin ta. Kana cikin tambayar iyalinsa ya riga ya kai bakin lungu, daga can zai jefo maka "lahiya lau". Liman ya taɓa cewa shi bai san ko Namadi na addu'a bayan sallama ba, don bai taɓa waiwayowa ya tarar da shi a sahu ba.

Busasshen kifi ne sana'arsa. Yakan saya a hannun masunta a bakin Kwara, ya shiga jirgin fito ya haye, ya ɗauki jakunansa da ke ajiye wurin ƙanensa Manu a ƙetare, ya bi ta Kaoje da Tsamiya ya faɗa ƙasar Dahome. Can zai sayar, ya sayo gishiri da taba da atamfa ya juyo. Dandanci, yaren mutanen can, a bakinsa yake kamar Hausa, kuma babu wata ɓarauniyar hanya tsakanin ƙasashen biyu da tafin ƙafarsa bai sani ba. 'Yan duwan, wato 'yan kwastan na can, sun gaji da shi har sun koma gaishe shi. Duk abin da Namadi ya mallaka, daga katangar gidansa har zuwa zanen da matarsa ke ɗaurawa, ƙafafun nan biyu ne suka jawo shi. Shi ma ya san haka, don yakan buga cinyarsa ya ce waɗannan su ne gonarsa.

Matarsa Gaji kuwa, ka rantse da gangan aka haɗa su don a gwada haƙurin juna. Mace ce ƙatuwa, mai sanyin jiki, mai daddawa, wadda kan yi tunani sau biyu kafin ta ɗaga ludayi. Ita ce ta fara lura. Maigidan ya dawo daga wata tafiya ya rame, yana shan ruwa kamar raƙumi, randa guda ba ta kai masa yamma, kuma kowane ɗan lokaci sai ya zaga bayan ɗaki. Wata safiya tana shara sai ta ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a daidai inda ya tsuguna. Ta share su, washegari suka dawo. Sai ta tare shi a bakin zaure, hannunta a ƙugu.

"Maigida, ba ka tahiya ko'ina yau sai ka ga Malam Attahiru."

"Ke Gaji, mi ad da ni? Zahin rana na kawai. Ba ni hanya, jirgi na jirana."

"Jirgi shi jira," in ji ta, ba ta kuma matsa ba.

Malam Attahiru shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi na garin, saurayi mai natsuwa, mai farar riga da alƙalami a aljihu. Ya sa Namadi ya kawo fitsari a 'yar kwalba. Ya ɗauko wata siririyar kwalba mai tsawon yatsa, ya zuba wani ruwa shuɗi kamar na marina, ya ɗiga fitsarin a ciki, ya kama ta da matsi ya kara a kan 'yar fitila. Ya ce idan ruwan ya tsaya a shuɗinsa to lafiya ce, idan ya koma kore da sauƙi, idan ya yi ruwan ɗorawa sai a tashi tsaye. Bai ƙarasa faɗin na ƙarshe ba, don a gaban idonsu ruwan ya wuce kore, ya wuce ruwan ɗorawa, ya tsaya ja jawur kamar jar ƙasa.

"Ciwon sukari na, Baba Namadi," in ji shi. "Ba ya warkewa, amma ana zama da shi. Ka bar zuma, ka bar rake, ka rage tuwo, kuma kowane wata ka kawo mini kwalbar ga in gani."

Kowane wata! Ai da ya ce masa ya riƙa kwana a rijiya da ya fi sauƙi. Namadi ya zo wata na farko, na biyu yana Dahome, na uku ya aiko Manu da kwalbar da ta kwana biyu a hanya cikin rana. Idan ya zo kuwa, tsaye yake yi a bakin ƙofa, yana karkaɗa ƙafa, yana tambaya ko ba a iya ƙara wa fitilar wuta. Ruwan dai bai taɓa yi masa kara ba. Ja yake fitowa, in an yi sa'a ruwan ɗorawa. Shi kuma ya ɗauki abin kamar gaba ce tsakaninsa da kwalbar, har yana cewa ruwan ne ba ya ƙaunarsa.

A ƙarshen daminar shekarar 'yancin kai ne ƙaya ta soke shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, wani wuri tsakanin Tsamiya da iyaka. Abin da ya tayar wa Gaji da hankali shi ne bai ji ba. Sai da ya dawo gida tana zuba masa ruwa ta ga wurin ya yi baki, ta zaro guntun ƙayar da kanta, shi kuwa yana ta ba ta labarin yadda mutanen can suka riga mu karɓar mulkinsu amma 'yan duwan ɗin dai su ne na jiya. Malam Attahiru ya duba mikin, ya matsa gefensa da tsinken allura, ya tambayi Namadi ko ya ji. Namadi ya ce bai ji komai ba, kuma da alfahari ya faɗa. Ran nan ne kaɗai aka taɓa ganin malamin ya fusata.

"Baba Namadi, ka san abin da kaka wasa da shi? Ƙahwar ga taka ce za ta tahi. Ni nan aikina ya ƙare, sai babban asibiti na birni, su auna jini su san maganin da za su aza ka bisa. Amma ka ji ni da kyau. Duk abin da likita yac ce maka, shi za ka yi, ba ƙari ba ragi. Kada ka sa gaggawarka ciki. Ka yi mini alkawali."

Namadi ya dubi ƙafar, ya dubi Gaji. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a dajin da ake fashi. Ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa wannan karon ba zai yi gardama ba, ba zai yi sauri ba, abin da aka ce shi zai bi.

Ya shiga babbar mota ya nufi birni. Ya tarar da garin a hargitse da shirin biki, tutoci kore da fari a ko'ina, 'yan makaranta na ta koyon fareti, asibitin kansa rabin ma'aikatansa hankalinsu na waje. Sai bayan azahar layi ya zo kansa, lokacin ya riga ya sha fura don yunwa. Likitan Bature ne, dattijo mai gajiyayyen ido, da tafintansa, wani dogon mutum da ya tsinci Hausarsa a bariki. Likita ya duba ƙafar, ya ɓata fuska, ya sa aka wanke aka ɗaure. Ya tambaya ko ya ci wani abu, da aka ce masa e sai ya girgiza kai, ya yi 'yan kalmomi, ya juya ga na gaba.

"Likita ya ce ka huta da ƙafa," in ji tafinta. "Jini kuwa ba a aunawa yanzu. Ka dawo da azumi."

"Da azumi?" in ji Namadi.

"Da azumi. Ba ci, ba sha. Sannan a ɗauki jini. Na gaba!"

To, ga inda abin ya lalace, kuma duk wanda ya ji labarin nan daga baya sai ya ciji yatsa. In ka ce wa mutumin Bagudo ya dawo da azumi, ai watan azumi ka ambata masa, kamar yadda za ka ce ya dawo da kaka ko da rani. Kuma a lokacin ba a daɗe da fita watan Mauludi ba, akwai watanni tuli a gaba. Namadi ya fito yana jinjina kai. Abin ma burge shi ya yi. Ashe har Bature ya san darajar watan! A cikin mota ya gama shirya wa kansa dalili: da azumi ne jinin mutum ke tacewa, babu maiƙo babu ƙazanta, shi ya sa sai lokacin ake ganin gaskiyarsa. Kafin ya iso gida ya bayyana wa mutum uku wannan hikimar, su ma duk sun gamsu.

Wanda zai warware masa kuwa ba ya nan. A makon nan aka kira Malam Attahiru kwas a Zariya, don Turawa na tafiya ana neman masu maye gurbi cikin gaggawa. Aka bar asibitin a hannun wani dattijo mai ɗaurin miki, mutumin kirki wanda bai taɓa kunna fitilar gwajin ba. Kwalbar shuɗin ruwa ta zauna a kan kanta tana jira.

Sai Ba-ka-zama ya zauna. Mutanen unguwa har zuwa suke yi su leƙa don su tabbatar. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙafa a kan matashi, amma sauran jikin kam bai san da zaman ba. Yanzu yana kwance, yanzu ya tashi, yanzu ya sa a juya masa tabarmar ta fuskanci hanya, yanzu ya ce a mayar da ita. Ya warware igiya ya sake tufka ta. Ya yi wa Gaji gyara a kan yadda take shanya kalwa, ita da ta gaji sana'ar daga kakarta. Duk wanda ya wuce da jaki sai ya tsayar da shi ya tambayi ina ya fito, ruwa ya janye a wuri kaza, nawa kifi yake a ƙetare. Manu ya karɓi fataucin, kuma duk dawowarsa sai sun yi faɗa, don a ganin Namadi tafiyar da ƙanen ke yi ko kunkuru zai riga shi. Da magariba kuwa shi ne na farkon ɗaga kai sama. Bai taɓa sanin wata na da nawa haka ba sai a shekarar nan.

Mikin bai rufe ba. Da farko kamar zai haɗe, sai ya buɗe ya faɗaɗa, ya zama gyambo, yatsan ya soma duhu. Mai ɗaurin miki na zuwa yana wankewa yana barbaɗa hoda, yana cewa a bari a gani. Gaji ce ke wanke tsumman, don haka ita ta fi kowa sanin yadda abin ke tafiya. Ta ce su koma birni. Ya ce lokaci bai yi ba. Ta sake faɗa bayan mako, ya ce ya yi rantsuwa a gabanta, ko so take ya yi kaffara? Da watan Rajab ya kama, wanda ake kira azumin tsofaffi, sai ta zo da dabararta, ta zauna kusa da shi ta sassauta murya.

"Maigida, ai ga azumi ya zo. Na tsohwahhi ma azumi na. Mu tahi, in sun kore mu mu dawo."

"Ni kika kira tsoho?" Ya zabura har matashin ya faɗi. "Likita bai ce nahila ba, bai ce na tsohwahhi ba. Azumi yac ce, kuma kowa ya san azumi guda na. Ke ce kullum kika cewa ba ni da haƙuri. To ga haƙuri ina yi, shi ma bai yi miki ba?"

Gaskiya ne, shekara da shekaru Gaji na roƙon Allah ya zaunar mata da shi wuri ɗaya, ga shi ya zauna. Ta tashi ta koma gindin murhu ta yi kukanta a can, ta ce hayaƙi ne. Shi ma da ta ba da baya sai ya ɗaga tsumman ya leƙa, ya yi maza ya mayar. Yana gani. Ba makaho ba ne, kuma hancinsa lafiya lau. Zuciyarsa na ce masa tashi ka tafi, kamar yadda ta saba ce masa tun yana yaro, amma a karon farko a rayuwarsa ya ƙi saurarenta, don ya ɗauka ita ce ta jefa shi cikin wannan hali. Ya danne ta da ƙarfin tsiya, yana ganin jarumtaka yake yi.

A watan Sha'aban baƙin ya haura idon sawu. Zazzaɓi ya soma zuwa da yamma. Abokan hira suka rage zama a zauren, kowa da uzurinsa, amma kowa ya san wari ne ya kore su.

Ranar da aka ga wata Namadi ya yi dariya kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Ya yi sahur, ya ɗauki niyya, Manu da wani maƙwabci suka ciccibe shi suka sa a mota, Gaji na riƙe da kansa. Ta roƙe shi ya sha ruwa a hanya, tunda matafiyi ne kuma majinyaci, ya ce bayan duk wannan jira ba zai ɓata awon da kurɓi ɗaya ba. Suka isa birni leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa. Tsohon likitan ya tafi ƙasarsu, tafintan ma babu shi. Amma da aka shigar da shi ɗakin duba marasa lafiya, wa zai gani sanye da farar riga in ba Malam Attahiru ba? Ya gama kwas an ajiye shi nan.

"Malam, ga ni!" in ji Namadi, muryarsa a dishe amma cike da jin daɗi. "Na cika alkawali. Likita yac ce in dawo da azumi, ga shi ran hwarko niz zo. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Malam Attahiru ya warware tsumman. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tambaya a hankali yaushe aka faɗa masa haka, kuma da waɗanne kalmomi. Namadi ya maimaita masa tiryan-tiryan, har da "ba ci, ba sha". Malamin ya nemi kujera ya zauna, ya dafe kai.

"Baba Namadi, a bakin mutanen asibiti, in an ce azumi, ba watan Ramalana aka nuhi ba. Nuhinsu ka kwana, ka zo da sahe kahin ka karya kumallo. Shi ke nan. Washegari yaka son ganinka."

Gaji ta saki salati. Namadi kuwa idonsa na kan bango, amma ba bangon yake gani ba. Wancan karon da ya fito daga wurin likita babu motar Bagudo sai ta safe, don haka a rumfar da ke bakin ƙofar asibitin ya kwana. Da gari ya waye bai tsaya neman koko ba, don kada mota ta tafi ta bar shi. Ya ɗauki jakarsa, cikinsa wayam tun furar jiya, ya bi ta gaban ɗakin da ake ɗibar jinin, ya ga mutane zaune a benci suna jira, har ya yi musu sannu, ya wuce da saurinsa.

"Malam," in ji shi can, "da na shiga ran nan?"

Malam Attahiru ya so ya yi masa ƙarya, amma ya kasa. "Allah ne masani. Wataƙila yatsa guda. Wataƙila ma babu." Hawaye ya zubo wa malamin, ya ce shi ne ya ɗaure Namadi da rantsuwa.

"A'a," in ji Namadi. "Kai gaskiya kah hwaɗi. Ba ni ruwa in sha."

A ƙarƙashin gwiwa aka yanke ƙafar. Ya yi sallah a gadon asibiti, ya dawo Bagudo da sanda a hammata da ƙwayoyi a aljihu. Bai ƙara taka ƙasar Dahome ba. Wani ɗan duwan na can, da ya ji labari a bakin Manu, ya aiko masa da ƙullin taba da gaisuwa, Namadi ya riƙe ƙullin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar yankan. Gaji ba ta taɓa tuna masa maganar azumin tsofaffi ba, ko da wasa, kuma ya san ba mantawa ta yi ba.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana sayar da kifi a zaune a kasuwa, yana faɗa da Manu, yana karkaɗa ƙafar da ta rage har tabarma ta tsage a wurin. Sunan Ba-ka-zama ya ɓace a bakin mutane ba tare da kowa ya hana ba. Da aka kawo sabon malami aka sake kunna fitilar, bai ƙara tsallake wata ba, kuma ruwan ya riƙa tsayawa a kore, wani lokaci ma a shuɗinsa. Idan lokacin awon jini a birni ya yi, Gaji ba ta hura wuta da wuri. Zai fito da sandarsa ya tsaya a tasha yana hangen hanya. Mai koko ta miƙo masa ƙwarya, ya ɗaga mata hannu.

"Azumi kaka yi, Baba Namadi?"

Sai ya juyo gaba ɗaya, sanda da komai, ya dube ta sosai.

"A'a," ya ce. "Ban dai karya ba."